Zaren Yaya a Ruwa Mai Zurfi

Ni dai tun ina yaro zama bai karɓe ni ba. A gidanmu, can cikin birni kusa da Ƙofar Kuyambana, ɗinkin babbar riga ake yi tun kakanni, sana'ar mutumin da zai iya dasa kansa a kan tabarma tun hantsi har la'asar. Ni kuwa in na yi rabin sa'a sai in ji kamar cinnaku sun shige mini wando. Mahaifinmu yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba a ƙulla zare. In zare ya ƙare, sai ka mayar da bakinsa ƙarƙashin ɗinkin da ka riga ka yi, ka ja shi ya kwanta ya ɓace. Da yamma yakan juya riga, ya rufe ido, ya bi bayanta da babban yatsa. In ya ji ƙulli, ko bai kai ƙwayar gero ba, sai ya sa reza ya farke aikin yinin gaba ɗaya. Nawa ake farkewa kullum. Na yayana kuwa, wanda ya ba ni shekara tara, ban taɓa ganin reza ta taɓa shi ba.

Haka muka rabu da allura. Yaya ya gaji tabarmar Baba a zaure, ni na zama direba a wani ofis a unguwar Kongo, na cinye ƙuruciyata a kan kwalta, kuma wallahi ban yi nadama ba. Da na yi ritaya ne abin ya dawo mini sabo. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa ƙofar gida, in koma. Matata ta ce in ban samo abin yi ba ita za ta samo wa kanta wurin zuwa.

Sai na faɗa fatsa, a dam ɗin da ke bayan gari. Kowa ya ji sai ya yi dariya, wai ni da fatsa. Suna da gaskiya, don irin wadda ake soka tana a jefa a zauna jira, kwana biyu na yi na kusa jefa sandar cikin ruwa. Abin da ya riƙe ni wata 'yar ƙugiya ce da na tsinta a rumfar wani mai kayan kamun kifi a Sabon Gari. Kanta dalma ne, kamar ƙwayar wake, an ɗaura mata wani ɗan gashi a wuya. Ita ba a barin ta ta huta. Sakin ta ake yi har ƙasa, a ɗaga, a saki, a ɗan karkaɗa, kifi ya ɗauka wani ƙwaro ne ke neman tsira. Na ce yawwa, ga fatsar marasa haƙuri. Na sa mata suna mai gemu.

Biyu na saya, biyun kuma suka maƙale a itatuwan ƙasan ruwa cikin mako guda. Na koma rumfar, mutumin ya ce sun ƙare, bai ma san ranar da za a sake kawowa ba.

Akwai wani dattijo masunci a bakin dam ɗin, mai kwale-kwale, wanda nake kira Baba masunci ko da yake bai girme ni da yawa ba. Shi ya gaya mini cewa da bazara, in rana ta gasa saman ruwa, manyan karfasa sauka suke yi can inda tsohon kogi ya bi kafin a tare shi, wajen gaba biyar ko shida. Ya ce zarena ya yi kauri, ruwa ke ɗaukar cikinsa yana lanƙwasa shi, kafin ƙugiya ta kai ƙasa ta bar inda na nufa, kuma ko kifi ya taɓa ba zan ji ba. Ya ce in nemi siriri. Dalma kuwa ya ce zai zuba mini a kan ƙugiyoyi, tunda yana narka ta saboda birginsa, ragar da yake jefa wa kifi, amma gemu ba aikinsa ba ne.

A daidai wannan lokacin ne Yaya yake ƙarewa a ɗaki. Hawan jinin ido ya cinye masa gani a hankali, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Da farko yana fitowa zaure ya zauna hannu wofi. Daga baya ya daina, don ya ce ba ya son jin masu wucewa suna rage murya in sun zo daidai shi. Har masallacin da ke jikin gidanmu ya koma sai an yi da gaske. Wata safiya Hajiya, matarsa, ta tare ni a tsakar gida, ta nuna mini kwanon tuwon jiya, an ɗan gutsuri gefe guda.

"Ka ga abincinsa ke nan tun shekaranjiya," in ji ta. "Mutumin nan so yake ya tafi muna kallo. Kai ne ba ka jin kunyar yi masa surutu, ka yi wani abu."

Na ji tsoro ƙwarai, ban kuma ɓoye wa kaina ba. Shi kaɗai ya rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya.

Na shiga ɗakin da ƙugiyoyi huɗu da Baba masunci ya zuba wa dalma a tafin hannu da ƙunshin siririn zaren roba. Yana kwance ya ba ƙofa baya. Ban yi masa sannu ba, don na san ta ishe shi. Na ce, "Yaya, tashi, aiki na kawo maka, kuma na gaggawa ne."

"Auta, fita ka ba ni wuri." Gemuna ya yi fari fat, amma har yau Auta nake a bakinsa.

Na kama hannunsa na danƙa masa guda. Ya so ya yar, sai tsinin ya ɗan kama shi, ya tsaya yana laluba ta. Na yi masa bayanin gemu, na ce da zaren buhu zan yi da kaina in ya ƙi.

"Zaren buhu?" Ya tashi zaune. "Kai dai ba ka taɓa yin abu mai kyan gani ba tunda aka haife ka. Miƙo mini gwangwanina."

Tsohon gwangwanin alewa ne, a ciki yake ajiye allurai da reza da ɗan kakin zuma da zarurrukan siliki. Ashe a jere suke tun shekaru, kowane launi da mazauninsa, bai buƙaci ido ba. Muka kwashe yini uku muna gardama, ni ina zarya tsakanin ƙofa da taga, shi yana zaune. Na ce ja nake so, ja ne ke ɗaukar ido. Ya ce a gaba shida wane ja? Ya ce shi yanzu ya fi ni sanin abin da ake gani a cikin duhu, ja ne ya fara ɓace masa, fari da ruwan ɗorawa su suka yi masa rakiya har ƙarshe. Ya auna ƙugiyoyin a tafinsa ya ce biyu sun fi nauyi, su za a sa in akwai iska, masu sauƙin kuma sai ruwa ya kwanta. Zaren robar ya ja shi tsakanin yatsu, ya sa a haƙori, ya ce wannan ba zare ba ne, gashin aljani ne, amma siririn ya fi mai kaurin gaskiya.

Ya ce in yanko masa zaren gaba bakwai bakwai, shi zai haɗa kowace ƙugiya da nata, kada in ɓata masa aiki da hannuna. Da ya gama, kai! Siliki ya kwanta a wuyan ƙugiya luf, gemu ya bazu daidai, zaren roba ya fito daga ciki kamar a can ya tsiro. Da ni mai natsuwa ne da na jiƙa guda na ja na gani. Ina! Na naɗe su a kara na zuba a aljihu, hankalina ya riga ya kai bakin ruwa. A kwana ukun nan Yaya ya ci abinci, ba da yawa ba, amma ya ci.

Fitar da shi daga gida ya fi komai wuya. Na ce ai mai aiki shi ke gwada aikinsa. Bayan sallar asuba na ɗora shi a bayan babur, ya riƙe rigata yana faɗa, wai tuƙina bai canja ba. Baba masunci ya tura mu har tsakiyar ruwa, ya dubi wata bishiya a gaɓar can da wani dutse a gaɓar nan, ya ce nan ne.

Na soka ɗan guntun tana a tsinin ta farko, na ba Yaya zaren a hannu ba sanda. Ya sake shi a hankali yana ƙirga gaba. Ni ina ta mutsu-mutsu, kwale-kwale na tangaɗi, Baba masunci na cewa, "Alhaji, don Allah zauna." Ba a jima ba Yaya ya ce, "Wani abu ya shaƙi zaren nan." Ni ban ga komai ba. Ya fizga, zare ya miƙe, ya fara rawa. Fuskarsa ta buɗe, rabon da in ga haƙoransa tun kafin azumi. Ya jawo gaba ɗaya, biyu, sai zaren ya saki. Ya taho fayau, babu kifi, babu ƙugiya.

Na ce ba komai, babba ne. Muka sa ta biyu. Haka. Ta uku ma kifin har ya taso, na ga farin cikinsa yana juyawa a ƙarƙashin ruwa, karfasa mai faɗin tafin hannu biyu, sai ya tafi da gemun a baki.

Nan fa raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya shawara da ni. Na ce, "Haba Yaya! In ba ka ga abin da kake ɗaurawa ba ai sai ka faɗa, in ɗaura da kaina. Ƙugiya uku!"

Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Baba masunci ya sunkuyar da kai yana gyara abin da bai lalace ba. Yaya ya naɗe zaren a yatsunsa tsaf, ya miƙo mini. Ya ce, "Gaskiyarka. Mai da ni gida."

A hanya bai yi faɗan tuƙi ba. Da muka isa ya lalubo gwangwanin ya tura mini. "Ɗauka. Ka ba wanda ka ga dama, ko ka zubar." Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Hajiya ta dube ni kawai, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ban san inda zan sa kaina ba. In je ƙofar ɗakinsa in kasa shiga, in hau babur in zaga ta unguwar Tukur-Tukur ba abin da ya kai ni, in dawo. Kwanon tuwo yana fitowa yadda ya shiga. Na tsani bakina, na tsani kifi, na tsani mai rumfar Sabon Gari da ya fara nuna mini abin. A rana ta biyar ƙafata ta kai ni bakin dam, na tarar da Baba masunci yana ɗinkin birgi a inuwa. Na ciro ƙugiya ta huɗu, wadda ta rage, na ce ya riƙe, ni na gama da fatsa.

Ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo. "Makaho ne ya yi wannan? Tabarakallah. To amma Alhaji, ina ƙullin?"

"Wane ƙulli?"

"Wanda ya riƙe zaren. Ni ban gan shi ba." Ya tsoma ta a ruwa, ya ɗan jira, ya kama ƙugiyar da hannu ɗaya, zaren da ɗaya, ya ja. Zaren ya zare sumul daga ƙarƙashin silikin, har da ɗan shacin haƙorin Yaya a bakinsa. Gemun ko gezau bai yi ba.

Na zauna a ƙasa daɓas. Babban yatsan mahaifinmu na gani yana bin bayan riga. Yaya bai yi kuskuren makanta ba ko kaɗan. Ya mayar da bakin zaren ƙarƙashin naɗin ya ɓoye shi, yadda ya yi shekara hamsin ana yaba masa. Auduga da siliki suna cizon juna su riƙe, roba kuwa in ta jiƙe santsi gare ta. Ni da na san roba, ni ya kamata in faɗa masa, ni ya kamata in gwada, amma gaggawa ta hana ni, sannan na ɗora wa idonsa laifi.

Na karɓe ƙugiyar da zaren, ban ko yi sallama da Baba masunci ba. Na biya gida na ɗauko gwangwanin da kofin ruwa, na faɗa ɗakin Yaya. Na ce, "Yaya, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini. Amma tashi ka ji wani abu, hannunka lafiyarsa lau, Babanmu ne ya cuce mu."

"Allah ya jiƙansa dai. Wace irin magana ce wannan?"

Na ba shi ƙugiyar da zaren na ce ya mayar yadda ya yi da farko. Ya ƙi, na nace, ya yi don in rabu da shi. Na ce ya ja. Ya ja, ta riƙe. Na tsoma a kofi na ce ya sake ja. Zaren ya zare a hannunsa. Ya sake mayarwa da kansa, ya lalubo kofin, ya jiƙa, ya ja. Sau uku yana yi.

"Au," ya ce. "Ashe ba ya cizo."

"Ba ya cizo. Sai an ƙulla."

Ya ɓata fuska kamar na ce ya ci da hagu. Can ya ce, "To koya mini ƙazantar taka."

Ni, wanda aka kora daga zaure saboda ƙulli, na zauna gaban Yaya na kama yatsunsa ina bi da su: ta cikin ido, a murɗa sau shida, a dawo ta ƙofar farko, a jiƙa da yawu, a ja. Sau biyu ya yi ya fi ni iyawa, abin haushi. Na tura masa gwangwanin, ya ture. Ya ce in ciro masa fari da ruwan ɗorawa da reza kawai, sauran in koma da shi, shi ya riga ya bayar.

Baba masunci ya sake zuba mana dalma a kan wasu ƙugiyoyin. Ranar da muka koma akwai 'yar iska, Yaya ya ce a sa mai nauyi. A tsakiyar ruwa na karɓe ta zan soka tana, sai na bi wuyanta da yatsa. Sumul, babu ƙulli. Na juya ta, na duba idon ƙugiyar, siliki ne kawai ya rufe ko'ina. Na ce a raina, wannan tsoho mai taurin kai ya sake! In na yi magana na kashe shi, in na yi shiru kifi ya tafi da ita, shi ma na kashe shi. In kuwa na ja don gwaji zai ji motsin zaren, don ɗaya bakin yana hannunsa. A rayuwata ban taɓa riƙe bakina irin na ranar ba. Na soka tanar, na sake ta cikin ruwa.

Ya ƙirga gaba shida, ya ɗago kaɗan, ya fara karkaɗa yatsa a hankali, irin yadda yake jan allura in ya zo wurin lanƙwasa. Ni ina tsugune, na tashi, na koma. Baba masunci ya gaji da cewa in zauna. Rana ta fara zafi. Sai Yaya ya karkata kai gefe, ya ce, "Ga shi nan," ya fizga.

Gaba ɗaya. Biyu. A nan waccan ta saki. Uku. Zaren yana yanka ruwa yana zagaye, ni ina salati da ƙarfi ban sani ba. Huɗu, biyar, sai ga shi ya fasa ruwa, Baba masunci ya sa hannu ya cafo shi ya jefa cikin kwale-kwale. Karfasa ce, ba ta kai wadda ta tsere ba, amma tana ta bugun katako da gemun Yaya a leɓenta. Ya lalubo ta ya dafe, ya bi bayanta da yatsa har ƙaya ta soke shi, bai ko janye hannu ba.

Na ce, "Yaya, wallahi na ɗauka ba ka ƙulla ba."

"Na ji numfashinka ai," in ji shi. "Ƙullin yana ciki. Ka ce in yi, na yi. Ban ce zan bar shi a waje kowa ya gani ba."

Bakwai muka kama kafin azahar, biyar nasa, biyu nawa, kuma bai bar ni na manta ba har muka shiga Ƙofar Kuyambana. Hajiya ta soya su da yaji, ta kawo da tuwon masara. A zaure ya ce a shimfiɗa masa, ba a ɗaki ba. Ya ci biyu, yana zare ƙaya da yatsu ba tare da ya nemi taimako ba, ya ce a ƙaro miya. Hajiya ta juya da kwano da sauri, na ga tana goge ido da bakin mayafi.

Na miƙe zan tafi, don zamana ya wuce rabin sa'a. Har na sa takalmi ɗaya ya kira ni.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Gwangwanin nan. Ba ka ba kowa ba ko?"

"Yana nan a ɗakina."

"To je ka kawo mini abina yanzu. Akwai wani koren siliki a layi na uku, ina so in ji ko za su ci shi."